RIGAKAFI YA FI MAGANI: Jirgin ƙasa ba ya kauce wa mai hoto

Idan an gama yankan gero, an ɗaure damma, rumbu ya karɓi rabonsa, sai samarin Tondikandiya da na Kurfai su fara ɗaure kayan ci-rani. Daga Damana, daga Filinge, daga ƙauyukan Dallol Boso, motoci suna cika suna nufar Yamai. Daga can kowa ya kama hanyarsa. Wani Kano, wani Legas, wani Kwatano, wani Kumasi ko Abijan.

Wannan tafiya ba sabuwa ba ce. Kakanni sun yi ta da ƙafa da jaki. Abin da yake sabo shi ne wayar salula mai ɗaukar hoto, wadda samari da yawa suke tafe da ita a aljihu. Saurayi yana sauka baƙon gari, sai ya so ya aika hoto gida. Yana so uwa ta ga ya sauka lafiya. Yana so abokai su ga inda ya kai. Wannan ba laifi ba ne.

To amma cikin abubuwan da ke jan idon mutumin dallol babu kamar jirgin ƙasa, domin babu shi a gida. Yana da girma, yana da tsawo, yana da ƙugi. Wanda bai taɓa ganinsa ba yana so ya matsa kusa, ya tsaya a gabansa, ya ɗauki hoto. A nan haɗarin yake. Filin wannan wata ya tsaya ne a kan wannan magana.

DOGO BAI ZO KURFAI BA, AMMA KURFAYAWA SUNA ZUWA INDA YAKE

Hanyar jirgin ƙasa ita ake kira dogo. Ƙarfe biyu ne dogaye da aka shimfiɗa bisa tsakuwa. A ƙasashen da ƴan ci-rani suke zuwa, dogo ya tsufa. Ya isa Kumasi a 1903. Ya isa Kano a 1911, ya isa Ƙauran Namoda a 1929, ya isa Nguru a 1930. Daga Kwatano ya hau zuwa Paraku a 1936. Daga Abijan ya isa Wagadugu a 1954. A shekarar 2016 an buɗe sabon dogo tsakanin Abuja da Kaduna, kilomita 186, kuma jiragensa sun fi na da gudu nesa ba kusa ba.

A Nijar ma an shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso, wajen kilomita 140, aka yi bikinsa a watan Janairu na 2016. Sannan a watan Fabrairu na 2021 an aza harsashin dogon da zai taso daga Kano, ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, ya shigo Maraɗi. Tsawonsa kilomita 284.

Yaron Kano ko na Paraku ya tashi yana jin tsawar iyaye game da dogo. Yaron Damana bai samu wannan tsawar ba. Ya san rijiya, ya san maciji, ya san ƙahon sa, ya san kogi idan ya kawo ruwa. Jirgin ƙasa kuwa sai a hoto. Baƙo, ko da idonsa biyu, sai an nuna masa hanya.

GANI GA WANE

A ƙasashen da jirgi ya yi yawa akwai mutane masu sha'awarsa ƙwarai. Wasu suna tafiya mai nisa don su ɗauki hoton jirgi guda. Ga abin da ya samu wasunsu.

A Ingila, a watan Fabrairu na 2016, an gyara wani tsohon jirgi mai aiki da gawayi da tururi, sunansa Flying Scotsman. Ranar da ya taso daga Landan, masu hoto suka tsallake shinge suka hau bakin dogo. Dole aka tsayar da shi a hanya, wasu jiragen ma suka makara. Ranar Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba.

A Amurka, jihar Kolorado, a watan Yuli na 2018, wata mace ta tsaya kusa da dogo tana ɗaukar hoton irin wannan tsohon jirgi. Ya buge ta, ta mutu.

A Indiya, garin Amritsar, ranar 19 ga Oktoba 2018, jama'a sun taru da dare suna kallon wani biki, ana harba wasan wuta. Da yawa sun hau kan dogo don su gani sosai, wasu suna ɗauka da waya. Ƙarar wasan wuta ta rufe ƙarar jirgi. Ya ratsa cikin taron. Mutum wajen 60 suka mutu a cikin ƙiftawar ido.

A Meziko, jihar Hidalgo, a watan Yuni na 2024, jama'a sun fito tarbar wani tsohon jirgi da ya taso tun daga Kanada. Wata mace ta matsa gefen dogo, ta juya wa jirgin baya, ta ɗaga waya don ta ɗauki kanta tare da shi. Gefen kan jirgin ya buge ta a ka, ta mutu nan take, a gaban jama'a. A lura da kyau: ba a kan ƙarfe take tsaye ba. A gefe take.

Wasu likitocin Indiya sun bi labarun mutanen da suka mutu garin ɗaukar hoton kansu a duniya. Daga Oktoba 2011 zuwa Nuwamba 2017 sun ƙirga mutum 259. Ruwa ne ya fi cin mutane, sai abin hawa, kuma jirgin ƙasa yana cikin manyan abin hawan. Yawancin mamatan samari ne.

Waɗannan mutane sun san jirgi tun suna yara, duk da haka ya ci su. Ina ga baƙo?

ABU HUƊU DA YA RABA JIRGI DA MOTA

Na ɗaya, jirgi ba ya kaucewa. Direban mota yana da sitiyari. Mai amalanke yana jan linzami jaki ya karkata. Matuƙin jirgi ba shi da ko ɗaya. Inda ƙarfe ya nufa, nan jirgi zai bi. Ko matuƙi ya hangi mutum, abin da ke hannunsa biyu ne kawai: ya busa ƙaho, ya ja birki.

Na biyu, jirgi ba ya tsayawa nan take. Kan jirgi kaɗai yana iya wuce tan 100. Buhu 10 na gero mai kilo 100 su ne tan 1. Ke nan kan jirgi kaɗai ya kai nauyin buhu 1,000. Jirgin kaya mai taragu da yawa yana iya kai tan 3,000, wato buhu 30,000. Kuma ƙafafunsa ƙarfe ne bisa ƙarfe, suna da santsi, ba kamar taya bisa kwalta ba. Irin wannan jirgi, idan yana gudun kilomita 90 a awa, aka ja masa birki, yana iya cin fiye da kilomita 1 da rabi kafin ya tsaya. Kafin matuƙi ya gane mutum ne a gaba, lokacin tsayawa ya riga ya wuce.

Na uku, jirgi ya fi dogonsa faɗi. Jikinsa yana fita waje da ƙarfe kusan mita 1 a kowane gefe. Wannan ne ya kashe matar Meziko. Ban da haka, jirgin kaya yana iya tafiya da sarƙa ko igiya ko ƙarfe da ya kwance yana lilo a gefe. Yana iya watso tsakuwa. Iskarsa tana iya fizgar babbar riga, ko mayafi, ko bakin rawani, ta gusar da mutum daga inda yake tsaye.

Na huɗu, jirgi yana ruɗin ido da kunne. Kowa ya ga jirgin sama a can bisa, kamar yana rarrafe, alhali ya fi kowace mota gudu. Babban abu haka yake, ido yana ganin kamar yana tafiya a hankali. Jirgin ƙasa da ke tahowa kai tsaye ma haka ne. Sai mutum ya ga kamar yana tsaye wuri ɗaya. Alhali mai gudun kilomita 90 a awa yana cin mita 25 kowace daƙiƙa guda ta agogo, wato kafin a ce "ɗaya". Idan an hango shi a nisan mita 250, kafin a ƙirga goma ya iso.

Kunne ma ba abin dogara ba ne. Sabon dogo ba ya ƙara kamar tsoho. Jirgi mai gudu, sai ya zo kusa ake jin sa sosai. Idan iskar hunturu tana kaɗawa, hazo ya rufe gari, mutum ya naɗe kunne da rawani, ko ya sa abin sauraren waƙa a kunne, to sai dai ya ji shi a jiki.

WAYA TANA ƘARA RUƊI

Mai ɗaukar hoto ba ya kallon jirgi. Yana kallon gilashin waya ne. Idon waya kuwa yana mayar da abu ƙarami, yana nuna shi kamar yana nesa. Kowa yana iya gwadawa a gida: a tsaya taki biyar daga rumbu, a dube shi da ido, sannan a dube shi ta cikin waya. Za a ga kamar ya ja baya. Haka take yi wa jirgi.

Sannan hankalin mai hoto ya tafi wani wuri. Yana gyara hula. Yana neman haske. Yana jiran jirgi ya cika gilashi kafin ya danna. Lokacin da jirgi ya cika gilashi, ya riga ya zo kansa.

Wanda yake ɗaukar kansa da kansa ya fi kowa shiga haɗari, domin ya ba jirgi baya. Makiyayi ba ya ba bijimi mai faɗa baya. Jirgi ya fi bijimi dubu.

Akwai kuma zugar abokai. Ɗaya ya matsa, na biyu ya fi shi matsawa, don a ce shi ne namiji idan an sa hoton a WhatsApp ko TikTok. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Inda dogo ya zama biyu ko uku a jere, haɗari ya ninka. Mutum yana kallon jirgin da ke gabansa, yana tsaye a kan dogo na biyu, wani jirgin ya fito ta bayansa. Ƙarar na farko ta rufe ta na biyu.

Gadar jirgi ita ma tarko ce. Tana da kyau a hoto, amma ba ta da wurin kaucewa. Wanda jirgi ya tarar a tsakiyar gada, ba gaba, ba baya, ba gefe.

Hawa kan tarago don hoto ya fi duka muni. Jirgin da ke tsaye yana iya motsawa ba sallama. A ƙasashe irin su Aljeriya da Maroko da ƙasashen Turai, wasu jiragen da wutar lantarki suke tafiya, wayar tana bisa kan dogo. Haka jirgin Makka zuwa Madina da aka buɗe a 2018. Wannan wuta tana da ƙarfin da take iya tsalle ta kama mutum ko bai taɓa wayar ba. Doguwar sanda ko ƙarfe da aka ɗaga sama yana iya jawo ta.

DOGON DA YA YI SHIRU

Dogon Yamai zuwa Doso yana bin kusa da babbar hanyar mota, ya ratsa Dallol Boso ta wajen Birnin Gaure. Bayan bikin 2016, rigimar kwangila ta tsayar da aikin, ba a shiga jigilar mutane da kaya a kansa ba. Mutumin Tondikandiya da ya bi ta can ya ga ƙarfe kwance shiru. An zauna a kansa an huta. Awaki sun yi kiwo a tsakaninsa. An ɗauki hoto a kansa, ba abin da ya faru.

Wannan shirun yana koyar da mugun hali. Wanda ya saba zama a kan dogon da babu jirgi, idan ya je Kaduna ko Legas zai ga dogo iri ɗaya, sai ya yi masa zama iri ɗaya. Sabo turken wawa. A unguwanni irin su Agege a Legas, inda Hausawa suke da yawa, baƙo zai ga ana kasa kaya daf da dogo. Kada ya ɗauka wurin lafiya ne. Masu kasa kayan ma suna wasa da ransu ne.

Saboda haka doka ɗaya ce: kowane dogo a ɗauke shi mai jirgi ne, kowace sa'a, daga kowane gefe. Ko ƙarfen ya yi tsatsa. Ko ciyawa ta fito a tsakaninsa. Ko an ce jirgi bai wuce ba tun bara.

GA MAKIYAYA DA MASU AMALANKE

Da rani garke yana gangarawa kudu neman ciyawa da ruwa. Wasu makiyaya suna kai wa har ƙasar Nijeriya. Wasu kuma suna raka dabbobin da aka saya a kasuwar Lahadi ta Baleyara zuwa manyan kasuwanni. Duk waɗannan wata rana za su gamu da dogo.

Mutum guda yana tsallake dogo da sauri. Garken shanu 50 ba ya tsallakewa kafin a ƙirga goma. Tsakuwar dogo tana da kaifi, shanu suna ja da baya a kanta. Ɗan maraƙi yana tsayawa a tsakiya. Idan ƙaho ya busa, garke ya firgita, wasu su yi gaba, wasu su dawo baya. A nan ne yaro mai kiwo yake rugawa don ya ceci maraƙi. A faɗa wa kowane yaro tun daga gida: idan jirgi ya fito, a bar dabba. Saniya tana da madadi. Ɗa ba shi da madadi.

Kada a yi kiwo a bakin dogo, ko da ciyawar can ta fi kyau. Kada a bi dogo a tsaye kamar burtali. A nemi mashigar da aka tanada, ko gada, ko ƙarƙashin gada. Babba guda ya tsaya yana duban gabas da yamma, sauran su kora garke kashi kashi. Wanda aka sa tsaro kada ya ciro waya.

Mai amalanke da mai moto su tsaya cik a mashiga, su duba dama da hagu, su saurara. Idan an rufe shinge ko mai tuta ya ɗaga hannu, a jira. A Legas, unguwar Ikeja, ranar 9 ga Maris 2023, wata babbar motar ma'aikata ta shiga mashiga jirgi yana tahowa. Mutum 6 suka mutu, da dama suka ji rauni. Jira na minti biyu da ya wadatar.

Duk inda za a shimfiɗa sabon dogo, ya kamata masu gari da ardo-ardo da kwamitocin kula da filaye su tashi tun da wuri, su nuna wa masu aiki inda burtali yake da inda mashaya take, a bar wa dabbobi mashiga. Gyara bayan an shimfiɗa ƙarfe yana da wuya.

YADDA ZA A ƊAUKI HOTO A KOMA GIDA LAFIYA

Ba a hana kowa kallon jirgi ba. Abin kallo ne. Ga yadda za a yi:

1. A tsaya aƙalla mita 5 daga ƙarfe, wato taki 7 na babban mutum. Idan akwai yara, a ƙara nisa, a riƙe hannunsu.

2. Inda akwai shinge, a tsaya bayan shinge. A tasha, a tsaya bayan layin da aka ja a ƙasa.

3. Kada a taka ƙarfe, ko tsakuwar dogo, ko gadar jirgi don hoto.

4. Kada a juya wa jirgi baya. Mai son hotonsa tare da jirgi ya ba aboki waya, su duka biyu suna nesa.

5. Idan ana so jirgi ya fito babba, a jawo hoton da yatsu a gilashin waya. Hoto ake jawowa, ba jiki ake kaiwa ba.

6. A cire abin sauraro daga kunne, a sassauta rawani.

7. Idan jirgi ya wuce, kada a ruga. A sake dubawa, ko akwai na biyu.

8. A tasha, a nemi izinin ma'aikata kafin a ɗauki hoto. Shiga filin dogo laifi ne a ƙasashe da yawa. A Ingila tararsa tana kai fam 1,000. A Nijeriya kuma, tun harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022, baƙon da aka gani yana zagaya dogo da waya yana iya shiga tuhumar da ba tasa ba.

MAGANAR ƘADDARA

Wani zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, rai a hannun Allah yake. Amma mai raƙumi yana ɗaure raƙuminsa kafin ya kwanta. Manomi yana rufe bakin rumbu. Uwa tana janye ɗanta daga bakin rijiya. Ba wanda ya ce sun ƙi ƙaddara. Nisantar dogo ma haka yake.

Kuma ba mai hoto kaɗai abin yake shafa ba. Ɗan ci-rani gida guda ne yake tafe da shi. Kuɗin da zai aiko su ne cikon hatsi idan rumbu ya yi ƙasa kafin damina. Hannunsa ake jira ranar shuka da ranar noma. Akwai kuma matuƙin jirgi, wanda yake ganin abin yana zuwa, ba shi da ikon hanawa, ya kwana da shi har ƙarshen ransa.

Don haka, ranar sallama, idan uba ya gama sa albarka, ya gargaɗi ɗansa kan ɓarayin tasha da mugayen abokai, ya ƙara masa wannan: "Ɗana, in ka ga jirgin ƙasa, kalle shi daga nesa." Idan hoto ya zo gida aka ga saurayi tsaye a kan dogo, kada a yaba masa. Uwa da yayye su kira shi su tsawata. Abin da gida ya daina yabawa, samari suna daina yi.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a dandali, a bakin rijiya, a ruga. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

TAMBAYOYI DON AJIN YAƘI DA JAHILCI

1. Me ya sa matuƙin jirgi ba ya iya kauce wa mutum?

2. Jirgi yana cin mita 25 a daƙiƙa 1. Mita nawa zai ci a daƙiƙa 8?

3. Taki nawa ya kamata a bari tsakanin mutum da dogo? A fita fili, a ja layi a ƙasa, kowa ya auna da ƙafarsa.

4. Maraƙi ya tsaya a kan dogo, jirgi yana tahowa. Me yaro mai kiwo zai yi?

Allah ya kai matafiya lafiya, ya maido su lafiya. Sai wata mai zuwa.